Ku fara da tsohuwar gida kafin ku nufi ofishin takardu

Shekara biyu na kwashe ina neman kakan babana a cikin takardun Turawa, alhali autarsa, wadda ta yi masa tuwo da hannunta, tana ɗakinta tana jan carbi. Goggo muke ce mata. Na ɗauka labarin tsofaffi hira ce kawai, takarda kuwa ita ce hujja. Ku da kuke tasowa, kada ku bi sawuna.

Abin da kowa ya sani a gidanmu bai fi cikin cokali ba: ya bar ƙasar Kano ya bi fataken goro, ya yada zango a Kumasi, can ya yi aure, can aka binne shi. Sai na tasar wa ƙidayar jama'a. An yi ta a 1921 da 1931 da 1948, aka sake a 1960 bayan samun 'yancin Gana. Rahotannin da na samu lissafi ne zalla, mutum kaza daga Nijeriya a gari kaza. Sun nuna mini girman zango, wato unguwar baƙi, amma sunan kowa babu.

Da na koma kan takardun fili da na haraji, sai na yi wata wautar: na riƙa neman suna yadda muke rubuta shi a Kano. Akawun wancan zamani abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Muhammadu ya koma Mahama, Usmanu ya koma Osumanu, Abdullahi ya koma Abdulai. Wa ya san sau nawa na wuce shi ban gane ba? Ga kuma alkunya. Matan gidan ba sa kama sunansa, laƙabi muka fi sani, shi kuwa laƙabi ba ya hawa takardar gwamnati.

Ranar da na zauna da Goggo da gaske, kafin la'asar ta ba ni abin da shekara biyu ba su ba ni ba. Ba ta san shekarar Bature ba, sai ta ce ya fita ne lokacin yunwar Kakalaba, wato wajen 1914. Ta ce su Agalawa ne, wato wani rukunin fataken goro. Ta ba ni labarin Nuwambar 1969, da gwamnatin Busia, Firayim Ministan Gana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, yadda rabin gidan suka hau babbar mota suka bar akwatin takardu a baya. Sannan ta sa aka sauko da gafaka. A cikin Alƙur'aninsa akwai falle ɗaya da ajami, ya rubuta haihuwar kowane ɗa da watan Musulunci.

Don ɗoki na kai fallen nan aka manne shi cikin leda da injin zafi, wai in adana. Tawada ta dushe a layi biyu na ƙasa, har yau malamai ba su iya karanta su ba. Ku dai ɗauki hoto da waya, ku mayar da takarda inda kuka same ta. In za ku zauna da tsohuwa, ku kunna rikoda, ku tambayi sunan yanka, da irin tsagar fuska, da wanda ya auri wa.

Sunan ƙauyen da ya fito ne na ce sai wani zuwan zan tambaya. Goggo ta rasu da azumin shekarar.