Idan mafi alherin zamani yana baya, ina ne gaba?

Tun ina yaro na haddace hadisin da ke cewa mafi alherin mutane su ne na zamanin Annabi (SAW), sai masu biye musu, sai masu biye wa waɗannan. Shi ya sa da na fara karanta tarihin masu gyaran addini na ƙarni na 19, kalmar "ci gaba" ta tsaya mini a wuya. Ina za a dosa, tunda an baro mafi kyau a baya?

Su ma tambayar ta dame su. A 1883 Ernest Renan, wani masani Bafaranshe, ya yi lacca a Faris, ya ce Musulunci da kimiyya ba sa ga maciji. Jamaluddin al-Afghani ya mayar masa da martani a jarida, da shekara ta zagayo kuma shi da almajirinsa Muhammad Abduh suka fara buga mujallar al-Urwa al-Wuthqa a birnin. Matsayarsu ita ce laifin na taƙlidi ne, wato bin maganar malaman baya ba tare da bincike ba, addini ba ruwansa. Magabata sun yi ijtihadi, sun sa hankalinsu aiki, na baya ne suka zauna suna ɗora hashiya kan sharhi. Ke nan komawa ga magabata ita ce tafiya gaba. Ibada tana nan yadda aka karɓo ta, amma mu'amala, irin su ciniki da kotu da tsarin makaranta, sai ta bi maslahar zamani.

Dabarar ta burge ni, kuma ba a takarda ta tsaya ba. Ƙungiyar Muhammadiyya da Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912 har yau tana da makarantu da asibitoci birjik a Indonesiya.

Inda nake da ja shi ne ma'aunin. Da me suka gane cewa an bar Musulmi a baya? Da jirgin ƙasa, da wayar tangaraho, da igwar Turawa. Aron ma'auni suka yi, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna abin da wannan ci gaban ke iya yi wa masu shi. Bayan Turkiyya ta soke halifanci a 1924, Rashid Rida mai mujallar al-Manar ya karkata ga Ibn Sa'ud, sarkin da ya kafa Saudiyya. Shi kuwa Ali Abdurraziƙ a 1925 ya rubuta cewa halifanci ba ya cikin ginshiƙan addini, malaman Azhar suka kore shi daga sahunsu. Dukansu biyu daga tunanin Abduh suka sha, kuma har yanzu na kasa yanke wanda ya fi fahimtar malamin.