Ruwan batir ɗin da na kwanar a tankin babur ɗin Baba

Tankin ne ya kamata in fara da shi. Na faɗa wa kaina wannan magana ya fi a ƙirga tun Babbar Sallar bara, ga shi yau ma ina maimaitawa. Wata huɗu na yi ina lallaɓa injin kamar mai jinyar tsoho, ko noti ɗaya ban karya ba, sannan a dare guda na lalata abu ɗaya tilo a jikin babur ɗin da ba a samunsa a kasuwa.

Honda CG125 ne, ja. Baba ya saye shi a 1982 da rancen babur na malaman makaranta, ya hau shi shekara 22, sai a 2004 da gwiwa ta hana shi buga kik ya jingine shi a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Zariya. Bayan rasuwarsa babu wanda ya taɓa shi. Tsofaffin tabarmi da buhunan masara ne suka yi ta hawa kansa har bara da na nemi izinin Inna na jawo shi tsakar gida. Cewa kawai ta yi, "Ka dai bi shi a hankali, Malam bai taɓa bari wani ya kwance masa shi ba."

A kan wannan tanki na yi firamare. Baba zai ɗora ni a gaba, in riƙe tsakiyar kan babur, akwatin littattafaina na gwangwani yana gefen hagu yana gogar fenti. Shekara da shekaru na wannan guga suka bar wani tabo mai faɗin tafin hannu inda jan ya koɗe ya koma kamar ruwan goro. Da na share ƙurar shekara ashirin, tabon na nan yadda na san shi. A ranar na yanke cewa komai zan sabunta, amma fentin tanki ba zan taɓa ba.

Injin ya kafe, kik ko motsi. Ban matsa masa ba, don na ga yadda ake karya ringi da gaggawa. Na cire fulogi na ɗura kalanzir haɗe da baƙin mai, kullum da safe in ƙara, in sa giyar ƙarshe in ɗan tura gaba in dawo baya. A rana ta tara na ji ya saki. Da na buɗe kan injin sai na tarar ringi sun manne, kuma akwai zoben tsatsa a jikin bulok daidai inda fistin ya kwana. Wannan kaɗai na kai waje, aka yi masa bori, wato aka faɗaɗa ramin fistin, daga milimita 56.5 na asali aka ƙara 0.25, na sayo fistin da ringi daidai da shi. Sauran duk a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na yi: na goge bakin bawul, na saita tazararsu a milimita 0.08 injin yana sanyi, na share kwantak mai sakar wa fulogi wuta na bar tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, na sa sabon fulogi NGK D8EA.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙasan injin. Na shirya ganin ɓarna, sai na tarar giya da kuloci lafiya lau. Matatar baƙin mai ta ciki, wadda take juyawa tana tara datti, cike take da wani baƙin laka mai tauri da sai da na kankare shi da sukudireba, amma ta yi aikinta, dattin bai wuce ba. Dama tun 1975 da Honda ta fito da wannan samfuri, ta yi shi ne saboda ƙasashen da ake yi wa babur lodi fiye da kima kuma ba a canza mai a kan kari. Shi ya sa ba sarƙa ce ke tura bawul ɗinsa ba, sanduna ne guda biyu. Wanda ya taɓa buɗe irin na Caina da aka kwaikwaya daga gare shi zai gane komai, kuma gaskit da yawa nasu suna shiga.

Ranar da zan tayar da shi ban ɗora tanki ba. Gorar roba na rataye a reshen darbejiya da rabin litar fetur, na jawo tiyo zuwa kafireto. Bugu na huɗu ya kama. Inna tana ɗaki ta ɗaga labule ba ta ce komai ba, ta daɗe a tsaye. Ni kuwa daɗin nan ne ya kai ni ga abin da na yi, domin a take na sa wa raina cewa da wannan babur zan je Idi. Saura kwana shida Sallah.

Sai a lokacin na haska tocila cikin tanki da kyau. Tsatsa ce ɓawo ɓawo, da ragowar tsohon fetur da ya daskare kamar maɗi yana wani wari. Da tun farko na duba, da ina da wata huɗu cur na jiƙa shi yana gefe ina aikin inji. Yanzu kwana shida gare ni. Wani maƙwabci da ya daɗe yana acaba ya ce, "Yallaɓai, ruwan batir za ka zuba, ka girgiza ka zubar, sai ka ga ya yi fari tas." Ka girgiza ka zubar ya ce, wannan zan yi masa shaida. Ni ne na ga tsatsar ta yi kauri na ce bari ya kwana ya ci sosai. Na sayo wajen mai cajin batir, na ɗura, na rufe marfi, na bar makunnin mai a jiki, na kwantar da tankin ta gefen hagu a zaure don ruwan ya kai saman ciki.

Da na fito sallar asuba wari ne ya fara tarbata, mai shiga maƙogwaro. Simintin zaure ya yi fari yana kumfa. Ruwan batir kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, kuma ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, in ya gama da waccan sai ya shiga wannan. Yana cin ƙarfen kuma yana fitar da wata iska mai kama wuta, ita ce ta taru ta turo ruwan ta 'yar ƙofar numfashi da ke jikin marfi. Ya bi ta gefen hagu, ya sami wurin da fenti ya riga ya yi siriri, ya shiga ƙarƙashinsa. Tabon akwatina ya kumbura ya saɓule a hannuna kamar fatar dafaffen tumatir. Makunnin mai na asali, da yake ba baƙin ƙarfe ba ne, ya zagwanye har zarensa ya tafi. Ta ƙasa kuma, layin haɗin tankin yana tsattsafo ta wurare da yawa.

Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai har gobe. Ta wannan zaure yarana ke wucewa makarantar allo da sassafe, mafi yawa ba takalmi. Na riga su fitowa da kamar rabin awa. Na kwashi kanwar Inna na jiƙa a bokiti na yi ta kwarara wa simintin da tankin har kumfar ta daina tashi.

Da rana ta fito na ɗaga tankin sama na leƙa ta baki. Na ƙirga huda goma sha bakwai da haske ke shigowa.

Mai waldar gas na fara nufa, Allah ya sa ya ƙi. Ya ce ƙarfen ya yi siririn da wuta za ta ƙara buɗe shi ne, ya tura ni wajen wani dattijo mai gyaran lagireto. Dattijon ya juya tankin, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sansana, ya ce, "Ɗana, asid ka ba shi?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ce, "Awa nawa?" Da na ce kwana ya yi, sai ya ajiye shi ya yi shiru. Daga baya ya nuna mini abin da ban so ji ba amma gaskiya ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka duk raɓar da ta taru a tanki a shekarun nan ƙasa take sauka ta kwanta a layin haɗi, wurin ya riga ya ci tun kafin in zo. Ko da me na wanke, huda biyu ko uku za su fito. "Amma biyu ko uku," in ji shi, "da ɗigon dalma ta ƙasa na toshe maka su, ko fentinka ba zai ji ɗumi ba." Wannan jimla ita ce take dawo mini duk sanda na zo zuba mai.

Kwana uku ya yi a kansa. Ya wanke shi da ruwan zafi da omo sau da yawa duk da ya san shekara ashirin rabonsa da fetur, ya ce tankin da babu komai ciki ya fi cikakke haɗari, don hucin ne ke fashewa. Bai kusantar da harshen wuta ba ko sau ɗaya, ƙarfen likinsa yake gasawa can gefe ya kawo. Ya yanko farantai biyu siraru ya shimfiɗa a ƙasa dama da hagu ya bi su da dalma. Gwajinsa kuwa da famfon keke ne da ruwan sabulu, bugu biyu uku kawai. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in kai wa mai faci ya sa masa iskar inji, tankin zai kumbura ya buɗe ƙafafu ya ƙi zama a kan firam.

Idi dai a ƙafa na je.

Bayan Sallah na tafi Panteka a Kaduna neman tanki irinsa na asali. Na Caina na nan birjik, amma wanda ya san tsohon CG daga nesa zai gane ba shi ba ne. Abin da na samo wani ruɓaɓɓen tanki ne na 'yan gwangwan, na saye shi da gangan don in gwada abin da ya kamata in yi tun farko, ko zuciyata ta huta. Na fara da kalanzir da noti talatin, na ƙirga su kafin in zuba don in tabbatar talatin sun fito, na girgiza har ɓawon ya zube. Kada a sa yashi, ba ya fita duka, kuma kafireto zai je. Na cire makunni na toshe ramin da katako. Na jiƙa tsamiya kwano guda, irin yadda iyayenmu ke yi wa tukunyar ƙarfe, na tace na haɗa da ruwan khal, wato binega, na cika shi har baki, na bar marfi a buɗe. Kullum ina dubawa. A kwana na huɗu na zubar, na ɗauraye da ruwan kanwa, na bi da ruwan zafi, na kifa shi a rana. Nan ne kawai ake buƙatar sauri, domin wankakken ƙarfe cikin 'yan mintuna yake fara yin ja, yana bushewa na zuba fetur da ɗan baƙin mai na juya ya shafi ko'ina. Cikin ya fito toka toka, tsaf, fentin waje ko ɗis bai canza ba. Kuɗin tsamiyar da khal ɗin bai kai na ruwan batir ɗin da na saya ba. Zuciyar tawa ba ta huta ba, gaskiya ƙara tashi ta yi.

Dole aka yi wa tankin Baba sabon fenti, don ba a barin ƙarfe tsirara. Mai fentin ya yi ƙoƙari, ya haɗa jan daga murfin gefe, ya zana layukan kusan yadda suke. Na sa 'yar matatar roba a tiyo tsakanin tanki da kafireto, kuma da damina ba na barin mai ya yi ƙasa da rabi saboda raɓa. Injin ya wuce kilomita dubu biyu yanzu, na canza mai sau uku, ba hayaƙi ba ƙara. Mutane na tsayar da ni a hanyar Samaru su tambaya ko na sayarwa ne, kowa tankin yake fara shafawa yana yaba sheƙinsa.

Ranar da na gama haɗawa Inna ta fito ta zagaya shi. Ta tsaya ta hagu ta ɗora hannu daidai wurin, ta ce, "Ina gurbin akwatinka?" Na gaya mata duk yadda aka yi. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, tunda yara ba su taka ba, ta koma ɗaki.

Makunnin mai na Caina da na sa yana ɗiga duk sanda na juya shi rizab, na canza biyu duk haka. Zagwanyayyen na asalin yana cikin gwangwanin madara a kan tagata, ina yawo da shi duk garin da na je in nuna wa masu tsofaffin kaya. Wanda ya san inda aka jingine tsohon CG na farkon shekarun 1980, ko da injinsa ya mutu, makunnin kawai nake nema.