Baba mai gida da maganar takarda

Yau dai mun je ganin gidan hayar da muke son kamawa, ni da Yaya. Abban su bai samu fitowa daga wurin aiki ba.

Gidan ya yi min. Ɗaki biyu da falo, kicin a ciki, ga ɗan tsakar gida inda yara za su sake. Na murɗa famfo, ruwa ya zo da ƙarfinsa. Mitar wuta ta gidan ce ita kaɗai, ba haɗaka da maƙwabta, kun dai san abin da muka sha a inda muke yanzu. Yaya ne ya ɗaga kai ya hango tabon yoyo a silin ɗin ɗakin baya, an bi shi da fenti amma bai ɓuya ba.

Mai gidan dattijo ne, da kansa ya zo da makullai a aljihu. Ba dillali, ba la'ada, ba kuɗin zuwa gani. Ya ce ya daina hulɗa da dillalai, suna ɗora nasu a kan abin da ya yanka, kuma su kawo masa mutumin da bai san halinsa ba. Ya tambayi sana'ar Abban su, ya tambayi yara, har ragi ya yi mana ba mu roƙa ba. Wallahi na ji daɗinsa.

Sai na ce, "Baba, yaushe za ku samu lokaci a rubuta yarjejeniya?"

Nan take fara'ar ta ɗauke.

"'Yata, ni za ki kawo wa maganar takarda? Duk waɗanda suka zauna a gidan nan da baki muka yi, ba wanda ya taɓa jin kanmu."

"Ba rashin yarda ba ne, Baba. Rai ne, ba a hannunmu yake ba."

Ya jima yana juya makullan kafin ya ce zai yi shawara. A hanya Yaya ya ce na yi garaje, da na bari an saba tukuna.

Tun da na dawo abin yake cina. Ban so na ɓata wa dattijon rai ba, mutumin kirki ne, ana gani. Amma dillali, duk da tsadarsa, ko ba komai mutum na uku ne da ya ji abin da aka faɗa. In babu shi, daga mu sai mai gida, kowa da abin da zai tuna bayan shekara. Rufin nan idan damina ta sauka wa zai gyara? In mu muka gyara, za a cire daga kuɗin haya? Wata nawa zai ba mu kafin ya yi ƙari ko ya ce yana son gidansa? Akwai tsohon bashin wuta a kan mitar? Duk da baki za a bar su?

Abin da ya fi tsaya min shi ne wata magana da ya yi yana buɗe ƙofa: "Gidan mahaifinmu ne." To an raba gadon? In akwai 'yan'uwa masu haƙƙi, gobe wani zai iya zuwa ya ce bai san da zamanmu ba, mu kuma mun riga mun biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ban ga abin kunya a neman takarda ɗaya da rasit da shaidu biyu ba.

Abban su ya ce gobe zai je da kansa, ya roƙi Baba ya zo da babban ɗansa a zauna. In ya ƙi, mun haƙura da gidan, duk da raina yana kansa.

Auta da ɗan zazzaɓi, ta sha magani ta yi barci. Wanki yana nan jibge. Wa'adinmu a nan ƙarshen wata ne.