Ranar da mai ƙosai ta tare ni a ƙofar lakwal

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli a wata firamare da ke gefen garin Tawa, shida daga ciki ina malamin kwantiragi. Yajin aiki kuwa na shiga ba adadi: na kwana biyu, na kwana uku, har da wanda ya cinye mako guda. Ban taɓa nadamar shiga ba. Amma na daɗe ina yi ban gane wanda sandarmu take sauka a kansa ba, sai da wata mai tuyar ƙosai ta nuna mini.

Abin da ke sa malami ya aje alli ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kwantiragi ko sunan albashi ba a ba kuɗinsa, pekil ake ce masa, kuma wata yakan mutu, na biyu ya raba tsakiya, bai zo ba. Mai kantin unguwarmu yana da wani littafi da ya sha maiƙo, shafi guda nawa ne: shinkafa, mai, sukari, sabulu, ashana. Ranar da kuɗi suka fito, wurinsa nake fara tsayawa, sai mai gidan haya, sai abin da zan aika wa tsohuwa a ƙauye. Kafin la'asar aljihu ya koma yadda yake.

A nan na daina ƙirga albashi da jika, na koma ƙirga shi da tiya: tiya nawa ta hatsi zai saya bana, nawa ya saya bara. A 2012 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijar a kan sefa 30,047, ya kuma haura shekara goma bai motsa ba, kasuwa kuwa ba ta jira kowa. A Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, kuma duk buhun da ya hau babbar mota sai da ya ɗauko rabonsa na ƙarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illela, Najeriya ta yanke mana wuta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hanyar Benin ba ta buɗe ba, kaya sai sun zagayo daga Lome ta Burkina Faso. Mu a Adar a cikin tukunya muka ji wannan zagaye.

Wata safiya, kwana na uku da fara wani yaji, na biya lakwal ɗaukar takardu. Mai ƙosan na zaune a gindin bedi inda ta saba, kaskonta a kan murhu, wuta a kashe. Ɗiyarta tana ajina na CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Ta ce, "Mushe, yau ma babu?"

Na ce, "Babu, Inna. Sai an biya mu."

Ta ɗan yi shiru tana goge mataki da gefen zane, sannan ta ce, "Allah ya sa a biya ku. Amma yaran nan su ne kasuwata. Kwana uku ban sayar da ƙosan dala ashirin a nan ba, dole na ɗora wa yarinya tire ta shiga gari. 'Ya'yan manya suna can lakwal ta kuɗi suna karatu. Kuma ko mutum ɗaya cikinku bai zo ya ce mana ga dalili ba."

Maganarta ta ƙarshe ce ta fi cin raina, don gaskiya ce. Sandika, ƙungiyarmu ta malamai, ta kai takardar gargaɗi inda ya kamata, an faɗa a rediyo, amma uwar da ke ƙofarmu kullum ba wanda ya zauna da ita. Na durƙusa na lissafa mata watannin da muke bi. Ita ma ta lissafa mini kuɗin tiyar wake da litar mai, da yadda ta rage girman ƙosai don kada ta ƙara kuɗi. Ashe kanti ɗaya ke bin mu bashi.

Na tuna 2005, ina ɗan kwalej, lokacin da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 a kan kayan masarufi kamar madara, fulawa, ruwa da wuta. Ba ma'aikata kaɗai suka tashi ba. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, su Nuhu Arzika, ya haɗa 'yan kasuwa, direbobi da matan gida, aka rufe kasuwanni a Yamai da manyan garuruwa, har gwamnati ta janye harajin daga wasu kayan. Mu kuwa muna yaji mu kaɗai, iyayen yara na kallonmu a matsayin masu albashi da ba su gode wa Allah ba.

Tun daga ranar, kafin mu rufe aji sai na roƙi direkta a kira kwamitin iyayen yara, mu faɗa musu abin da muke bi da kwanakin da za mu yi. Idan an dawo, ina buɗe aji ranar Asabar da hantsi don 'yan CM2 su cike gurbi. Wasu abokan aiki sun ce wannan rage wa yaji kaifi ne: in za ka rama darasi, me ya sa ka aje alli? Na fahimce su, kuma ban ce ba su da hujja ba. Sai dai wanda ke riƙe da kuɗina ba shi ne zai zauna jarrabawa a watan Yuni ba, kuma na taɓa rasa yaro mai kaifin lissafi a irin wannan hutu. Mako biyu ba karatu, kawunsa ya tafi da shi Abijan bida, bai sake dawowa aji ba.

A taron iyaye na farko, mai ƙosan ce ta fara miƙewa. Ta ce wa maza su daina zagin malamai, ita ta ga shafin mushe a littafin mai kanti da idonta. Ɗiyarta yanzu tana kwalej, kuma ranar Asabar uwar ba ta ɗora wa ƙanen yarinyar tire sai mun tashi.