Godiya ga waɗanda suka riƙe mu kwana 47

Jiya da yamma maigidana ya taka daga bakin gado har ƙofar falo, sanda a hannunsa na hagu, ba wanda ya riƙe shi. Taku 11 na ƙirga. A nan na ce ba zan ƙara kwana ban fito na yi godiya ba.

Da yawanku kun ji abin da ya same mu. Da asuba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya bayyana mana cewa jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take ga yawancin mutane, kuma hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba ne ya jawo. Kwana 47 muka yi a asibiti. Godiyata ta fari ga Ubangiji da ya bar mini shi da rai. Likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai wata uwa a ikkilisiyarmu, gwauruwa, wadda kullum a kujerar baya take zama. Shekara da shekaru muna sujada tare, ban taɓa jin muryarta a gaban jama'a ba, ko a addu'a ko a ba da shaida. A rana ta uku sai ga ta da ɗan ƙunshin zannuwanta. An riga an gaya mini dole a riƙa juya mara lafiya duk bayan awa 2, in ba haka ba fata ta mutu inda ƙashi ke danne ta, gyambo ya fito. Ni kuwa kwana biyu ban runtsa ba, hannuna har rawa yake yi. Ta dube ni ta ce, "'Yata, je ki kwanta. Na yi jinyar nawa mijin, na san yadda ake juya mutum." Ita ta koya mini ninka zani a ƙarƙashinsa a ja shi da shi, kada a finciki hannun da ya shanye. Ita ta nuna mini sa matashi tsakanin gwiwoyi, da duba dunduniya da ƙugu kowace safiya ko sun yi ja. In ya ɓata shimfiɗa, kafin in miƙe ta naɗe ta tafi wurin wanki, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi. Kuma duk lokacin da za ta taɓa shi sai ta fara cewa, "Maigida, zan juya ka," ko da yake ba ya iya amsawa. Wannan girmamawar ta fi komai taɓa ni. Mun bar asibiti ba gyambo ko ɗaya a jikinsa. Mama, na san ba ki son a ambace ki, shi ya sa na bar sunanki, amma Allah ya san shi.

Dā in na karanta Yakubu 2:15-17, inda ake maganar mai ce wa ɗan'uwa mayunwaci ya sauka lafiya ba tare da ya ba shi komai ba, da cewa bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce, ina ɗauka manyan ayyuka ake nufi. A ɗakin nan na ga abin da ake nufi: ruwan ɗumi, sabulu, tashi ƙarfe biyu na dare. Basamariyen nan na Luka 10 ma ai da hannunsa ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin ya ɗaure su, ya ɗora shi kan dabbarsa, washegari ya bar dinari 2 wa mai masauki.

A mako na biyu wani ɗan'uwa ya same ni a baranda, ya miƙo mini ambulan. Na zaci gudummawa ce. Ya ce a'a, bashi ne maigidana yake binsa tun bara, ba a rubuce ba, ba shaida. Ban san da bashin ba. Wanda ya sani kuwa yana kwance ba baki, kuma a lokacin ba mai tabbacin zai sake magana. Da ya yi shiru, shi ke nan. Ya kawo cif, har da ban haƙuri kan jinkiri. Ɗan'uwa, na gode.

Na gode wa yaron nan na ƙungiyar mawaƙa da yake zuwa kowace Asabar ya yi masa aski ya yanke masa farce, yana ba shi labarin duniya kamar hira suke yi. Na gode wa matan da suka raba kwanaki a tsakaninsu don kai yarana makaranta da duba musu aikin gida. Na gode wa Baba Fasto da dattawa, da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma ba su bar gidana ya zama kufai ba. Akwai kuma wanda ya biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ya hana a faɗi sunansa. Na yi ta bincike har na tuna Matiyu 6:3, kada hagu ta san abin da dama take bayarwa, sai na haƙura na bar shi da ladansa.

Sai 'yar'uwar da muka yi shekara biyu ba ma ga maciji. Laifin nawa ne, ni na faɗi maganar da ba ta kamata ba, girman kai kuma ya hana ni zuwa. Ita ta zo. Ba ta ta da zancen ba, ta dai karɓi tsintsiya daga hannuna ta ci gaba da shara. Na nemi gafararki a ɓoye, yau ina ƙara nema a fili.

Ana gobe za a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni, "Wai duk waɗannan danginku ne?" Na ce mata yawancinsu ba abin da ya haɗa mu ta jini, wurin sujada ne ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce ta lura har mara lafiyar gadon kusa da mu, wanda ba mai zuwa duba shi, Mama tana juya shi in ta gama da namu. Ni ban ma sani ba sai ranar.

Har yanzu da sauran tafiya. Hannunsa na dama bai dawo ba, kalmomi kuma ɗaya-ɗaya suke fitowa, ana ci gaba da gashi sau uku a mako. Ku ci gaba da sa mu a addu'a. Ranar Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu zo sujada tare, karo na farko tun faɗuwarsa. Na tambaye shi inda yake so mu zauna. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito, ya ce, "Baya." Mama, ki ajiye mana wuri kusa da ke.