Dozin 50 da bokitin ruwa ɗaya

Ranar Asabar da ta wuce na tattara almakashina da tef ɗina, na yi sallama da yaran shago. Kwalayen yanka da na zana da hannuna ban fito da su ba, domin Oga ya ce kayan kamfani ne. Ban yi gardama ba. Shekara 6 na yi a bakin teburin yanka, kuma tun da wasunku sun ce in rubuta muku wani abu kafin in yi nisa, to ga shi. Ba zan tsaya kan singileti da kamfai ba, yanzu kun fi ni sauri a kansu. Maganar dogon wandon Jos zan yi, saboda har yau ana ba da labarin ba yadda ya faru ba.

Waɗanda suke nan a lokacin za su tuna. Wani kamfanin masu gadi ne ya kawo aikin: dogon wandon ciki dozin 50, wanda ma'aikatansu na dare za su sa a ƙarƙashin yunifom. Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin Disamba ba zai ce almubazzaranci ne. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma mutumin da ke zaune kan benci a bakin ƙofa da ƙarfe uku na dare shi ya san abin da hunturu yake yi wa gwiwa. Mu a Kano mun saba ganin irin wandon a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, amma babu wanda ya taɓa ɗinka shi a shagonmu. Na sayi guda 3 da kuɗina, na warware su ɗinki bayan ɗinki, na zana kwali. Samfurin da muka aika na yi shi da yadi mai kyau, saƙa mai layi-layi irin ta bakin hannun rigar sanyi, auduga da ɗan Lycra, wato zaren roba, a ciki. Suka gani, suka ce a ci gaba.

Saura kwana 9 a kai kaya, Oga ya dawo daga Kantin Kwari da wani yadi daban. Launi ɗaya ne, amma da na kama gefensa na ga ya nannaɗe, na san yadin singileti ne zalla, babu ko zaren roba. Na ja shi a faɗinsa, ya miƙe, na sake shi bai dawo daidai ba. Na ce, “Oga, wannan ba shi ne na samfur ba.” Ya ce, “Malam, yadi yadi ne. Ka yanka, lokaci ya ƙure.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na shimfiɗa shi a ranar, na yanka a ranar.

Ku da kuke koyo, ku fahimci abin da ke faruwa a nan, domin ba tsautsayi ba ne. Yadin saƙa ba kamar shadda ko atamfa ba ne. Madaukai ne a sarƙe da juna, kuma tun daga masana'anta ake jan sa a tsawonsa wajen rini da busarwa da naɗi. Yana zuwa hannunka a miƙe bisa dole. Ranar da ya sha ruwa, madaukan za su koma yadda suke so, tsawo ya ragu. Shi ya sa ake warware bandir a bar shi ya kwana a shimfiɗe kafin almakashi ya taɓa shi. Shi ya sa kuma ake yanko ƙyalle, a zana murabba'i inci 20 a kansa, a wanke yadda mai kaya zai wanke, a shanya, a sake aunawa. Da na yi wannan gwajin daga baya, bayan aikin gama ya gama, inci 20 ya dawo 18 da rabi. Ku lissafa da kanku: wando mai tsawon inci 40 ya yi asarar inci 3. Murabba'in ma bai dawo murabba'i ba, ya karkace, domin zaren an murɗa shi da yawa. Wannan karkacewar ce ta sa ɗinkin ƙafa yake juyowa ya hau kan ƙwauri.

Bokitin ruwa ɗaya da dare ɗaya, shi ke nan kuɗin gwajin. Na san shi tun ina yaron shago. Ban yi ba saboda na ji tsoron abin da zai nuna mini, domin in ya nuna, dole in koma in tsaya a gaban Oga in ce ba zan yanka ba.

Mako uku bayan kai kaya, mai kwangilar ya zo da kansa da wando biyu a leda. Ɗaya ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, ɗaya ya yage a hantsa. Oga ya sa aka kira ni ofis. A gabana ya ce, “Ranka ya daɗe, ka san yaran yanzu. Awo ne ya kwafsa. Mun ba shi yadi mai kyau ya ɓata.” Ina tsaye da alli a hannuna. Rasit ɗin Kwari yana cikin aljihun teburin da ya dafa, na san da haka, shi ma ya san na sani. Na ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji.” Wata uku ana yankar albashina. A cikin watannin nan ne matata ta haihu, kuma wasunku sun san yadda aka yi ragon suna ya samu. Na yafe kuɗin. Kalmar “yaran yanzu” ce ban iya haɗiyewa ba, ina da shekara 34 da 'ya'ya uku.

Sai dai laifi tudu ne. Da labarin ya tsaya a nan, da na fita ina ganin kaina wankakke.

Oga ya tura ni Jos in kwaso kayan da aka dawo da su, ina jin don ya ƙara mini horo ne. A ɗakin masu gadin akwai wani dattijo, gemunsa fari fat, yana shan shayi. Ya dube ni ya ce, “Kai ne telan?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “Ɗana, da ka gama ɗinka shi, ka sa shi ka yi alwala?” Na yi shiru. Ya ɗauko nasa ya nuna mini. Tsawonsa bai dame shi ba, shi gajere ne, tsukewar ma ta yi masa daidai. Tun kafin a wanke shi ya fashe, daren farko, da ya tsuguna zai kama ruwa.

Wannan kuma ba yadin Oga ba ne. Kwalina ne.

Wandunan gwanjon da na warware, biyu daga ciki suna da wani ƙyalle da aka cusa a hantsa, mai siffar lu'ulu'un kati. Na gan shi, na ce ƙarin aiki ne, ɗinki huɗu maimakon ɗaya, na cire shi. Na haɗa hantsar kamar ta wandon yadi, inda ɗinkin gaba da na baya da na cinyoyi biyu suke haɗuwa wuri guda. Samfurin kuwa a jikin yaro na gwada shi, yana tsaye ƙiƙam, ya juya gaba ya juya baya. Kowane wando yana da kyau a jikin mutumin da ke tsaye. Amma mai gadi ba a tsaye yake kwana ba. Yana zaune, yana tsugunawa, yana durƙusa ya yi sujada, da safe ya buɗe ƙafa ya hau babur. Duk wannan jan a mahaɗar nan yake sauka. Ƙyallen da na raina, aikinsa shi ne ya raba mahaɗar, ya kai ɗinki gefe, ya bar yadi zalla a inda jan yake. Abin da ya fi ba ni kunya a hanyar dawowa shi ne tuna wandon kakana mai zariya, da hantsarsa da za ta ɗauki yaro. Telolin da suka ɗinka shi ba su taɓa ganin dilar gwanjo ba, amma sun san mutum yana zama a ƙasa yana hawa doki.

Na dawo ban gaya wa Oga maganar dattijon ba. Da na gaya masa, da ya same ta ta rufe tasa. Ku nake gaya wa yanzu.

Da dare, bayan an tashi, na sake kwalin daga farko. Na mayar da ƙyallen hantsa, na ninka shi biyu. Na ƙara tsawon baya a kan na gaba sosai, domin mutum in ya zauna bayan wando ne ke zamewa ƙasa, iska ta shiga ta ƙugu, amfanin wandon sanyin ya ƙare. Na rage faɗin cinya da ƙwauri ƙasa da awon jiki, tun da yadi mai miƙewa in ka yanka shi daidai da jiki zai yi buhu a gwiwa, ya tattare a ƙarƙashin yunifom. Sannan na sa shi da kaina kwana 4. Na yi alwala da shi, na yi salla da shi, na zo aiki a kan babur da shi, na wanke shi sau uku. Yaran nan sun yi mini dariya, cikin zafin shago ina gumi. Dozin 10 da aka sake musu a madadin asara daga wannan kwalin suka fito, da yadin samfur na asali, domin wannan karon na ce ba zan taɓa almakashi ba sai na ga rasit. Na ji labari hunturu biyu suka yi a jikin mutanen. Na kuma ji Oga yana gaya wa wani baƙo cewa shi ya gano matsalar hantsa. Allah ya ƙara basira.

Sauran ƙananan abubuwa kun ji ni ina maimaita su har kun gaji. Ɗinkin miƙe na keken Juki ba ya buɗewa in an ja shi, don haka duk inda jiki zai ja, sai keken wibin mai zare 4, wanda yake daje bakin yadi. Allura mai kaifin tsini tana yanke madaukin saƙa, sai bayan wanki ramukan su fito, ku nemi mai dunƙulen kai. Robar ƙugu mai faɗi, a ɗinke ta da yadin, kada a zura ta kamar zariya ta riƙa murɗewa. Ku gaya wa mai kaya kada ya jiƙa shi a Hypo, yana kashe roba. Bakin ƙafa ku sa masa mai layi-layi, in ba haka ba zai hau sama duk lokacin da aka sa wando a kai. Lakabi mai kauri a bayan ƙugu ƙaiƙayi ne, a wandon da ake kwana da shi. Ku juya kaya ku shafa ɗinkin da bayan hannu, abin da ya karce ku zai karce cinyar wani tsawon dare.

Kuma duk ranar da aka canja muku yadi, ku yanki ɗan ƙyalle, ku manna shi a littafi, ku rubuta kwanan wata da wanda ya kawo shi. Ba don rigima ba. Ni dai da ina da wannan littafin a wancan lokaci, da ranar ofis ta zo da wani salo.

Ga wanda zai gaji teburin: kwalin dogon wando yana rataye a ƙusa ta uku daga taga. An yanka shi ne don yadi mai layi-layi da Lycra, na rubuta hakan a bayansa da jar maka. In aka shigo maka da wani abu daga Kwari aka ce yadi yadi ne, bokitin yana bayan janareta.