Idan Bature ya yi amai bayan allura

Amai a wurin mage ba labari ba ne. Ta lashe jikinta, gashi ya taru mata a ciki, ta zagaya bayan randa ta ci ciyawa ta amayar, a share a wuce. Haka muka saba da farin muzurunmu Bature, har ranar da likitan dabbobi ya ce yana da ciwon suga ya ɗora shi a kan insulin. Tun daga nan, ko tsakar dare na ji kakari daga ƙarƙashin gado sai na laluba fitila.

Sau biyu nake yi masa allura a rana, tsakaninsu awa 12, kuma allurar da abinci tare suke tafiya. Aikin insulin ya kwashe suga daga jini ya raba wa jiki. Da zarar ya shiga ƙarƙashin fata, babu mai dawo da shi. To idan abincin ya fito jim kaɗan bayan allura, maganin bai san an yi amai ba, zai ci gaba da kwasa na awoyi alhali babu abin da ke shigowa. Sai suga ya faɗi ƙasa: muzuru ya fara tangaɗi, jiki na rawa, ido ya yi wani iri, in aka yi sake ya kai ga farfaɗiya.

Inna takan ce, "Ke dai ki bar masa allurar nan tunda ba ya riƙe abinci, ki ƙyale shi ya huta." Maganar tana da daɗin ji, amma can ma akwai rami. In babu insulin, jiki sai ya koma ƙona kitse, ƙonawar kuma ta tara wata guba a jini da likitoci ke kira kiton. Ɗaya daga cikin alamunta shi ne wannan aman dai. Wato mai yiwuwa ƙarancin insulin ne ya kawo aman tun farko, kai kuma ka ƙara janye shi. Gaba kura, baya sayaki.

Shi ya sa da rana tsaka, lokacin da Bature yake lafiya lau, na zaunar da likita na ce, "Dokta, in ya yi amai cikin dare, me zan yi kafin in same ka?" Ya ce, "Hajiya, ki fara da agogo, sannan na'urar gwada suga." Na rubuta amsarsa na manna a ƙofar firji.

In aman ya zo kafin allura, abin da sauƙi, domin zaɓi yana hannuna. Ina jira kamar rabin awa, in ba shi ɗan dafaffen naman kaza ba gishiri ba maggi, cokali ɗaya. Ya ci ya riƙe, a yi allura. Ya kau da kai, sai in gwada jini in kira likita; yawanci rabin adadin insulin ɗin yake cewa a ba shi, in kuma sugan ya yi ƙasa a tsallake wannan karon kawai. Wannan tsarin Bature ne, da nauyinsa da irin insulin ɗinsa, ban ce kowa ya ɗauka ba.

In bayan allura ne, ba na ƙara ko ɗigo, ko da ina zargin ta farko ba ta shiga duka ba. Gwaji nake yi. Ina ɗumama gefen kunnensa da tsumman ruwan ɗumi har jijiyar ta fito, in tokara da audiga ta ciki, in huda bakin kunnen sau ɗaya. Ɗigon jinin bai kai ƙwayar gero ba, amma ya ishi na'ura. Irin ta mutane ce da ake samu a kemis, kuma takan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan a jinin mage, sai dai ni gara hakan. In na ga lambar suga ta sauko tana neman 70, zuma nake laƙata da yatsa in goga masa a dasashi, in sake gwadawa, ya farfaɗo in ba shi abinci. Ba a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta komai, sai ya bi ta huhu.

Zancen kemis ya tuna min: kada a ce "bari a ba shi ɗan Panadol." Paracetamol guba ce ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin amai na dabbobi daban yake, akwai Cerenia, likita ne ke bayarwa.

Ina kuma leƙa aman kafin in share, ko da ba daɗi. Dunƙulen gashi mai tsawo, muzuru ya miƙe yana neman kwano, wannan ba ya tayar min da hankali sosai. Kumfa ko ruwan ɗorawa sau biyu, sau uku a jere, ya kwanta gaban kwanon ruwa bai sha ba, dasashi ya bushe yana danƙo, wannan ba na gida ba ne. Akwai ɗan tsinken gwajin fitsari mai nuna kiton. In ya sauya kala, ga kuma amai, ba na jiran gari ya waye. A asibiti ƙarin ruwa suke sa masa, su duba ko ciwon ƙoda ne, ko kumburin gaɓar da ke yin insulin, ko wata cuta a mafitsara.

Kwalbar insulin ɗin ma nakan duba ta. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake so ta zauna, mu kuwa a Kaduna wuta sai ta kwana ba ta dawo ba. In firji ya huce, ina ɗaure kwalbar a leda in sa ta cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Wadda na ga ta yi gudaji, ko na san ta sha zafi, yar da ita nake yi in buɗe sabuwa, duk da tsadarta.